Baiti Goma Sha Ɗaya a Kan Hannun Malam Habu

Shekara shida ke nan cif da rasuwar Sadiku, kuma wallahi har yau in na ji ana kuranta wani matashi wai ya iya waƙar baka, sai in ce a raina, ku dai ba ku ji Sadiku ba ne. Ba don abokina ne nake faɗa ba. Layinmu ɗaya a Fagge, tare muka taso, kuma ɗan abin da na iya na haɗa baiti duk a bayansa na tsince shi, babu malamin da ya taɓa zaunar da ni. Sunana Kamalu, ina sayar da caja da batirin waya a kasuwar Sabon Gari. Shi kuwa shagon takalman yayansa yake tsaro, layi biyu ne tsakaninmu.

Bari in fara gaya muku yadda yake yin waƙa, don shi na fi ƙagara in faɗa. Sadiku bai taɓa rubuta waƙa a takarda ba. Da ƙafa yake yin ta. Kullum da safe daga ƙofar gidansu za mu taka mu ratsa mahaɗar titin Bata mu faɗa kasuwa, ba ya yarda mu shiga adaidaita ko da ana ruwa. Takunsa shi ne ma'auninsa. In kalma ta yi wa layi nauyi, sai ka ga ya ci tuntuɓe a inda babu dutse babu rami, ya ja da baya taku uku, ya sake ɗaukowa. Masu tura baro sun sha zaginmu. Kafin mu kai shago baiti biyu sun zauna, ya juyo ya zuba min su a fuska, ba kiɗa ba goge, murya kawai da hannu.

Kalmominsa kuma a titi yake tsinto su. Kiran kwandasta, Hausar 'yan kasuwa Ibo in suna rantse maka cewa a kan faɗuwa suka ba ka, ihun mai maganin basir a lasifika, duk yana kwashewa. Amma babban aikinsa kallo ne. Zai iya zama awa guda yana kallon mutum ɗaya bai ce uffan ba. Ya sha gaya min, “Kamalu, kowa akwai abin da yake ɓoyewa. In ka gano shi ka gama waƙar, saura jera ta.” A lokacin ji nake babu maganar da ta kai wannan hikima. Har a bayan littafina na rubuta ta.

A nan Malam Habu ya shigo. Dattijo ne mai gyaran agogo, yana da ɗan teburi mai gilashi a gefen Bata, ƙarƙashin wata rumfar kwano. Tun muna ƙanana muke ganinsa a wurin. Shi ne mutum ɗaya a duk jerin nan da ba ya korar Sadiku. Yakan matsa masa a benci, in ya sayi shayi ya ce a raba biyu, har yana ce wa maƙwabtansa ku bar yaron nan, kansa yana ja. Sadiku ya yi sati uku yana zama a bencin nan da rana.

Abin da ya gano shi ne hannun Malam Habu na dama ya fara rawa. Ciwo ne, ba tsufa kawai ba. Dattijon yana ɓoyewa da dabara: aiki mai laushi da sassafe yake yi kafin rawar ta tashi, in mai agogo ya zo da rana sai ya ce ajiye ka dawo gobe, ya tura hannun ƙarƙashin teburi yana hira da na hagu. Shekara nawa yana haka babu wanda ya lura. Sadiku ya lura.

Ranar da ya gama waƙar ko tuntuɓe ɗaya bai ci ba a hanya. Baiti goma sha ɗaya ne, kowanne da amshi. Ga ɗaya kawai, shi ma don ku gane abin da nake nufi:

Ya ɗauki noti ƙwayar gero,
Ya watsa shi kamar mai shuka,
Agogo dai ya tsaya cak,
Hannun Habu bai tsaya ba.

In ya zo amshin sai ya ɗaga hannun dama yana karkaɗa shi. A bayan shagon takalma ya fara yi mana, mu biyar ko shida, har wani ya faɗo daga kan kwali don dariya. Ni ne na ciro waya na ɗauki muryar. Ni ne kuma na tura wa mutum uku kafin la'asar. Ba wanda ya sa ni. Daɗi ne ya cika min ciki, na kasa riƙewa.

Cikin sati guda masu adaidaita suna kunna ta a Bata. Masu wucewa sukan rage tafiya a gaban teburin, ido a kan hannun, ba a kan agogo ba. Wani ya miƙa masa kofi cike da ruwa ya ce Malam riƙe min, jama'a suka taru suna jira. Masu kawo gyara suka fara karɓe agogunansu ba a taɓa ba. Kafin azumin shekarar teburin ya tashi.

Da ina son in yi wa abokina ado, da na ce ya yi nadama. Ban ga haka ba. Abin da na gani, ya sauya tsallaken titin da muke bi, shi ke nan. Sau ɗaya yayansa ya yi masa faɗa, ya ce, “Yaya, ƙarya na yi masa? A je a duba hannun.” Ni kuwa ko wannan faɗan ban yi masa ba, don a lokacin duk inda na shiga ana cewa ga abokin mai waƙar, ina jin kaina a sama. Da damina ta zagayo zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana tara aka yi, Allah ya karɓi abinsa. Yana da shekara ashirin da uku. Bai ambaci Malam Habu ba, ina wurin.

Yanzu nakan je inda matasa suke taruwa ranar Asabar, kowa ya hau dandamali da makirufo ya zuba waƙarsa, ana ɗauka a bidiyo. Ni ma ina hawa, kuma ana tafa min daidai gwargwado. In na ga wani yana karantowa daga waya yana sarƙewa, sai in tuna Sadiku, na san da cewa zai yi a sauko da shi ya je ya taka titi tukuna. Da ya kai wannan zamani da duk ya shanye su, wannan ba na shakka. Sai dai wani lokacin nakan tsorata. Da murya kaɗai, a ƙaramar waya, ya tashi teburin mutum. Ina ga yau da hoton hannun zai fito ƙuru-ƙuru, a kalla daga nan har Legas?

Mahaifiyarsa, Inna, ba ta san da waƙar ba sai bayan rasuwarsa, a gidan suna ta ji mata suna yi suna shewa, ba su san ita ce uwar mai ita ba. Tun daga ranar abu ɗaya ne a ranta: ɗanta ya tafi da haƙƙin mutum a wuya, kuma Allah ba ya yafe wannan sai mai shi ya yafe. Duk shekara in lokacin ya zagayo sai ta aika a kira ni. “Kamalu, je ka gai da Malam Habu, ka roƙar wa ɗan'uwanka.” Sau biyar na je. Sau biyar yana amsa gaisuwa, ya ce Allah ya ji ƙan musulmi, ya juya kai.

Makon jiya na je na shida. Yanzu a ƙofar gidan surukinsa yake zama a nan Fagge, da faifan goro a gabansa, kusa da wani shagon teloli. Hannun ya yi tsanani, har kafaɗa yake kaiwa. Na durƙusa na gaishe shi, na isar da saƙon Inna. Ya ci gaba da jera goronsa, sai bakina ya kwashe ni.

“Baba, ai ko ba waƙar ma, waya ta riga ta kashe gyaran agogo.”

“Mai gyaran agogon da muke jere da shi yana nan ko ya tashi?”

“Yana nan.”

“To.”

Ya daɗe yana gyara goron da hannun hagu. Sannan ya ce, “Kai ne mai naɗar ko? An ce ka haddace ta.” Na ce eh. Ya ce, “Ka san ni ban taɓa jin ta duka ba? Amshin kawai ake jefo min. Yi min ita.”

Na ce Baba don Allah. Ya ce in dai roƙo na zo, to wannan ne sharaɗin farko.

Na fara a durƙushe, murya ƙasa-ƙasa, ina kallon takalmina. Baiti na farko, na biyu. Jama'a, ban san lokacin da abin ya ƙwace min ba. Waƙar nan tana da tafiya, in ka sa ƙafa ita ke jan ka. A na biyar na ji muryata ta buɗe. A na bakwai ina miƙe. Kekunan ɗinki suka yi shiru, teloli suka leƙo, ɗaya ya kama amshi da ni, wani yana buga almakashi a teburi. Sai da na sauke na goma sha ɗaya na ga hannuna na dama a sama, yana karkaɗawa, taku ɗaya daga fuskar dattijon.

Bai yi fushi ba, da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce, “Ashe har da maganar shayin ya sa a ciki.” Ya kalle ni. “Ka tsallake wani wuri?”

“A'a, Baba.”

“Ko kalma ɗaya?”

“Ko ɗaya.”

“Shekara shida mai ita yana kwance, ita tana tsaye da ƙafarta. Ka gai da mahaifiyarsa, ba ta yi min komai ba, shi ya sa ba zan yi mata ƙarya ba. Ban yafe ba. Ranar da ka neme ta a kanka ka rasa, ka dawo mu yi magana.”

A hanyar komawa na yi ta lissafa abin da ya rage na Sadiku. Ya yi waƙoƙi sun fi arba'in a gabana. Akwai wadda ya yi wa Inna tana tankaɗe, akwai ta ruwan farko a kan kwanon kasuwa, wadda na taɓa kuka da na ji. Na neme su, layi biyu nan, rabin amshi can, sauran sun bi shi, don ban ɗauke su a waya ba, ba su ba ni dariya ba. Muryar da na naɗa kuwa na goge ta tuntuni, amma me goge tawa zai yi? Telan da ya kama min amshi bai ma taɓa jin sunan Sadiku ba.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na yi niyyar in ce ya ce zai duba. Da ta ɗago ta kalle ni sai na kasa, na gaya mata yadda aka yi, har da miƙewar da na yi. Ta ajiye farantin. Ta ce, “To ka manta mana, Kamalu. Me zai gagara a nan? Ka manta.”

Na ce to, Inna.

Yau kwana takwas ina gwadawa. Na daina zuwa kasuwa a ƙafa, don takuna da kansa yake ɗauko ta. Na haddace sababbin baitoci don su danne ta, suna zama a gefe ita tana tsakiya. Na shafe shekaru ina koya wa kaina yadda ake riƙe waƙa, babu wanda ya ce min akwai ranar da zan nemi akasin haka. Don haka masu karatu, in akwai wanda a cikinku ya taɓa fitar da waƙa daga kansa bayan ta zauna, ko ya taɓa samo wa mamaci yafiya a wurin wanda ya ce a'a, don Allah ya rubuto ya gaya min yadda ya yi. Inna ta tsufa, Malam Habu ya fi ta tsufa, kuma da safen nan ma da na duba, goma sha ɗayan suna nan cif.