Tsohuwar da ke Shara a Hoton Kaka

A gidan da muka kama haya a Kampung Baru, mun tarar da hotuna huɗu manne a bangon kicin. Duk na wani ɗakin bautar Japanawa ne mai rufi kamar malafa, an ɗauke shi daga wuri guda a lokuta daban-daban. Mijina, wanda karatunsa ya kawo mu, ya ce a ɓamɓare su. Matar da ta ba mu hayar ta ce fentinta zai tashi. Fenti ya yi nasara.

Da su na koya wa 'yata lokutan shekara, don a Kuala Lumpur babu su. Zafi da safe, ruwa da la'asar, shekara ta wuce ba ka ji motsinta ba. Mai furanni na ce mata bazara, ko da yake ina bazararmu ta ga fure. Mai kore shar damina, mai dusar ƙanƙara hunturu. A ɗayan kuwa itatuwa sun yi ja wur, har rufin ya koma kamar garwashi, ga wata tsohuwa a duƙe tana share ganye a matakala. Na ce, "Wannan kaka."

Shi ke nan, yarinyar ta ɗauka kakarta nake nufi, mahaifiyata, wadda muryarta kawai ta sani a waya. Kullum da safe sai ta gaishe ta da Malayanci, ta tambaye ta ko ta ci abinci. Dariya nake yi, ban gyara mata ba. Ni ma in Inna ta tambayi yaushe za ta goya jikarta, "Da kaka" nake cewa, bayan girbi. Karatu ya yi ta ƙara tsawo, kaka kuwa ba ta zuwa garin nan.

Da Inna ta rasu, bakina ya kasa gaya wa yarinyar. Wata rana ina girki, na ga ta tsaya gaban hoton hunturu. Matakalar ce dai, itatuwan sun kaɗe, komai fari fat. Shekaru ina kallon hoton nan ban lura ba, ashe tsintsiyar na jingine a jikin ginshiƙi.

Ta ce, "Umma, Kaka ta bar tsintsiyarta. Ta shiga ciki ne?"

Na ce, "Ta shiga ciki."

Ta jawo kujera ta zauna, ta ƙarasa maganar irin yadda yaran garin ke yi: "To mu jira ta lah."