Matar da ke Korar 'Ya'ya Waje

Kafin mai shara ya gama goge barandar ɗakin taron unguwa, ta riga ta iso da sandarta. Sai ta jawo tebur, ta ajiye kujera ɗaya a gabansa, ta tura sauran can bakin ƙofa. Tsohuwar nas ce, a ɗakin maza na asibiti ta yi aiki har ta yi ritaya. Tun daga nan take zama kyauta tana warware wa tsofaffi ƙullin inshorar lafiya: wane tsari ke biyan magani, wanne ke biyan tiyata, wanne kuma ba shi da komai sai hoton likita yana murmushi. Tsofaffi suna ce mata Sista. 'Ya'yansu kuwa Fita-waje suka raɗa mata, kuma ba su yi ƙarya ba.

An daɗe ana cewa ɗa na gari shi ne bakin iyayensa. To, wannan magana ta kai tsofaffi da yawa kabari da ciwonsu a ɓoye. Ɗa ya riƙo hannun uba, a tambayi uban me ke damunsa, ɗan ya amsa cewa tsufa ne kawai. Uban ya sunkuyar da kai ya ce lafiya lau, mu kuma mu ce kai, wannan dattijo akwai haƙuri. Wane haƙuri? Kunya ce ta ɗaure masa harshe, kamfanonin inshora kuwa sun san da haka, shi ya sa dillalansu ba tsoho suke kira a waya ba, ɗansa suke kira.

Waɗanda suke kan benci ranar da aka kawo tsohon direba har yau suna ba da labari. Babban ɗansa ne ya kawo shi, ya ce ba shawara suka zo nema ba, ya riga ya zaɓa wa Baba tsari mai kyau, har da tabarau da wankin haƙori, ta dai duba ta sa musu albarka. Ita kuwa tsohon take kallo. Tun yana kan layi ta ga yana ta zarya zuwa bayi, yana dawowa yana cije leɓe, an miƙa masa ruwa ya ƙi karɓa.

Ta ce wa ɗan ya fita waje. Ya ce shi fa ke biya. Ta ce ta sani, Allah ya saka masa, amma ba jikinsa za a kwantar a gadon asibiti ba, ya je ya sha iska. Ya fita yana huci.

Sai ta juyo ga tsohon. "Baba Direba, motar da ke ɗigar mai, wajen mai fenti ake kai ta?"

Ya yi 'yar dariya, ya ce wannan ba zancen da ake yi da mace ba ne. Ta ce ita ta tsufa a ɗakin maza, ba abin da zai faɗa da ba ta wanke da hannunta ba. Nan ya faɗa. Fitsari ya daɗe yana ƙin fita, yanzu har da jini, kuma ina zai iya furta wannan a gaban yaron da ya goya a kafaɗa?

Tsarin da aka zaɓa masa ba ya biyan irin tiyatar da wannan ciwo ke buƙata, kuma damar canzawa a ƙarshen watan take rufewa. Ta bayyana masa tsare-tsaren da suka rage ɗaya bayan ɗaya, da abin da kowanne ya bari a baya, ba ta zaɓa masa ba. Shi ya nuna wanda yake so. Sannan ta kira ɗan, wanda ya shigo yana cewa an wulaƙanta shi a gaban jama'a.

"Zauna," in ji uban. "Yau ni zan yi magana."

Ɗan ya saurara har ƙarshe, kansa a ƙasa, sai ya ce, "Baba, me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Ka taɓa yin shiru?"

Ke ce, Sista, mai kunnen da ba ya gaggawa. Ke ce kike shan zagin 'ya'ya don iyaye su sami bakin magana. Ba albashi, ba lambar yabo, ko fankar ɗakin nan da ta mutu an kasa gyara miki, alhali masu rubuta sharuɗɗa da ƙananan baƙaƙe kamar ƙafar tururuwa suna zaune cikin sanyi. Ƙarshen watan nan ciwon gwiwa zai zaunar da ke a gida, kuma har yanzu ba wanda ya ce zai gaje ki. Abin kunya ne a kanmu duka. Mun gode, Allah ya ba ki lafiyar da kika nema wa wasu.

Ku tsofaffin malamai da ma'aikatan da ke kashe yini a bakin titi kuna gardamar siyasa, ga aiki nan yana jira. Ku kuma 'ya'ya, ku tambayi iyayenku inda ke ciwo, sannan ku rufe baki.

An yi wa direba tiyata. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da ƙoda ta tafi. Ɗan ne ya yi jinyarsa, kuma ko da likita ya zo zagaye ya tambaye shi yaya jikin Baba, sai ya ce, "Ga shi nan, tambaye shi."