Ranar da Na Ɗauki Hoton Titi a Cikin Kwale-kwale

Shekarun baya, lokacin da na koma sarin bandar kifi a wani ƙauye can gefen Kirikasamma, babbar matsalata ita ce hanya. Akwai wani direba da ke zuwa daga kudu, shi ke kwashe min kusan duk kayana. Duk zuwan da zai yi sai ya ɓace, domin a taswirar wayarsa ƙauyen fili ne fetal, ko layi ɗaya babu.

Abokina, wani malamin sakandare a Haɗejiya, ya ce min, "Alhaji, akwai taswirar da kowa ke iya gyarawa. Ka ɗaure waya a gaban babur, ta riƙa ɗaukar hoton hanya kana tafiya. Sai mu duba hotunan mu zana."

Kafin ya rufe baki na yanko robar tsohuwar taya, na ɗaure wayata a gaban babur.

Ranar nan ji na yi kamar ni na share hanyar da hannuna. Na yanke ta cikin fadama, kowace kwana, kowane kwalbati, duk wayar ta ɗauke. Muka zauna yana jan layi, ina gyara masa: "A'a Malam, bayan tsamiyar ake karyawa!" Zuwan direba na gaba, sai ganinsa na yi a ƙofar sitona, ko kira ɗaya bai yi ba. Na yini ina zagaya kasuwa ina nuna wa mutane wayata kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Abin da na manta, da rani na ɗauki hotunan. Mu 'yan nan kowa ya san hanyar fadama aro ce; ruwa na sauka kogi zai karɓi abinsa. Ban taɓa zaton abu ne da sai an faɗa ba.

Damina ta yi tsakiya, sai ga kiran direba. "Alhaji, hanyarka ta cinye min mota! Ga ni cikin laka har ƙofa. Wallahi in na fita, ni da garinku har abada!"

Sai da tarakta ta zo ta jawo shi. Na ba shi haƙuri, na roƙe shi zuwa ɗaya tak. In ya sake maƙalewa, ya nemi wani dila.

Washegari na hau kwale-kwalen wani masunci, na ɗaure wayar a goshin kwale-kwalen. Ya dube ni ya ce, "Maigida, kifin za a yi wa hoto?"

Na ce, "Titi nake ɗauka, kai dai tuƙa."

Dariyarsa ta kusa kifar da mu. Muka bi layin nan sak har ƙarshensa. Na dawo na hau babur na zagaya ta kan tudu, doguwar hanyar da ruwa ba ya ci, na ɗauke ta ita ma. Abokina ya zana ta, ya sa wa ta fadama alamar cewa ta rani ce kaɗai.

Direba ya cika alkawari, ya dawo. Ya sauko ya zagaya motarsa yana duba tayoyi, ko ɗigon laka babu. Ya ce, "Alhaji, a fara lodi."

Har yau in na buɗe taswirar nakan yi murmushi: hanya ɗaya, hoto biyu, a ɗaya ga sawun babur, a ɗaya ga ruwa iya gani. Abin da kowa ya sani a gari, shi ne baƙo bai sani ba. Shi ya sa yanzu in aka tambaye ni hanya, kafin in ɗaga hannu sai na ce, "A wane wata za ka zo?"