Allurar Sa'adu Mai Aya

Duk Matameye babu wanda bai san gaggawar Sa'adu mai aya ba. Shi ne mai shigowa masallaci a makare, ya riga kowa fita. Rani goma sha biyu ya yi yana dako a Kano kafin ya dawo ya kafa rumfar aya da gyaɗa a kasuwa. Tun da ya zauna, tumbi ya fito, ƙishirwa ta hana shi sakat, fitsari kuwa ba a magana. Matarsa Nafisa ce ta matsa masa har ya je Damagaram wajen likita.

Likita ya auna jininsa ya ce ciwon sukari ne, ga kuma ƙiba. Ya rubuta masa wata allura da mutum kan yi wa kansa a fatar ciki, sau ɗaya a mako.

"Kwana nawa zan rame?" in ji Sa'adu.

"Sukarin zai fara sauka cikin mako ɗaya ko biyu," in ji likita. "Cin abinci ma zai ragu. Rama kuwa sai an yi watanni. Da kaɗan ake farawa, bayan mako huɗu ka dawo mu ƙara."

Cikin wannan bayani duka, "mako ɗaya" kawai ya shiga kunnen Sa'adu.

Ya yi allurar farko ranar Asabar. Lahadi da safe sai ga shi a kan sikelin auna buhuna, ya cire takalmi da hula, wai kada su ƙara masa nauyi. Kilo ɗari da takwas. Litinin ɗari da takwas. Talata ɗari da tara, don ya ci kilishi ya sha fura ƙwarya guda, yana cewa ai maganin yana ciki, shi zai ji da su.

Ya dawo gida a fusace. "Wannan likita rowa gare shi. Ɗigon ruwa ne zai narkar da mutum kamata?"

"Maigida, mako huɗu aka ce," in ji Nafisa.

"Ke kin yi karatun lakwal ne?"

Ya je ya buɗe firijin maƙwabcinsa inda yake ajiye allurar, ya dirka wa kansa ta mako biyu a lokaci guda, ya ƙara wata Alhamis.

Ranar Juma'a bai je masallaci ba. Amai yake tun hantsi, ko ruwa ba ya zama a cikinsa. A bayan amalanke aka kai shi gidan likita, yana nishi yana kiran kalmar shahada. Majo, wato ma'aikaciyar jinya, wata mata da ba ta iya ɓoye magana, ta ɗaura masa ruwa, ta juya allurar a hannunta.

"Malam Sa'adu, ta wata guda ka gama cikin kwana shida? Gero ma sai ya kwana a ƙasa kafin ya tsiro, kai da kake hulɗa da manoma."

Kilo uku ya zubar a kan gadon nan, duk ruwa ne, kuma cikin mako ya mayar da abinsa.

Bai koma Damagaram ba. Yanzu kullum yana rumfarsa yana faɗa wa mutanen Kurni da Tsauni masu kawo aya cewa allurar Turawa yaudara ce, shi ya gwada da kansa. A aljihunsa akwai ƙullin wani gari da ya saya wajen mai lasifika ranar kasuwa, wanda aka ce yana narkar da tumbi cikin kwana uku. Wata na biyar ke nan yana sha.