Shekara tara da rasuwar Malam, dalmar batir ba ta bar gidanmu ba

Wannan daminar ce ta cika shekara tara da rasuwar maigidana, malamin kimiyya a wata sakandare da ke Bagudo. Mutumin Kende ne. Ni ban wuce aji uku na sakandare ba, amma zaman da na yi da shi ya sa na san abin da ke cikin batir.

Makarantarsu ba ta da ɗakin gwaji, saboda haka a tsakar gida yake gwada darasi kafin ya kai wa ɗalibai. Wata rana ya jera lemun tsami, ya soka wa kowanne ƙusar kwano da guntun jan ƙarfe, ya haɗa su da waya. Wani ɗan ƙwan fitila ya kama.

"Maman Sadiya, zo ki gani," in ji shi. "Ƙusar nan ita ka sakin ilektiron, sunanta anod. Jan ƙarfen shi ka karɓa, shi ne katod. Ruwan tsamin shi ka haɗa su ta ciki. Batirin mota ma haka yake, sai dai shi dalma ce da asid."

Daga farfasa matattun batura don nuna wa yara, sai mutane suka fara kawo masa nasu ya duba. Manoman Geza suka zo, 'yan kasuwar Dendi suka riƙa tsallako iyakar Benin da baturan manyan motoci, masunta kuma suna roƙon dalma don nauyin taru. Bai iya cewa a'a ba. Ya ajiye tsohuwar tukunya a bayan ɗaki yana narka dalma a kan gawayi. Asid yake tsoro, ba ya taɓa shi sai da safar hannu. Hayaƙin kuwa cewa yake iska za ta kwashe.

Ciwon ciki ne ya fara kama shi. Sai mantuwa, sai faɗa, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Daga baya hannunsa na dama ya saki, alli ya riƙa faɗuwa a gaban aji. Dangi suka ce sammu ne, aka kawo rubutu da turare. Shi ne da kansa ya kira ni, ya ce, "Ba kowa ya yi mini komai ba. Dalma ce. A kai yaran nan asibiti a auna jininsu."

A Birnin Kebbi likita ya ce ƙodarsa ta riga ta lalace. Sadiya ta tsira. Autanmu Bashir, wanda ya koyi rarrafe a bayan ɗakin nan yana kai ƙasa baki, an sami dalma a jininsa. Ranar ce kaɗai na ga Malam yana kuka. Da muka dawo gida, yana zaune a tabarma, ba ya iya tashi, ya sa aka kankare ƙasar bayan ɗakin aka binne ta nesa da rijiya. Bai kai kaka ba. Allah Ya jiƙansa.

Yau kusan kowane shago a Bagudo yana da sola, kuma batirinta mutuwa yake yi. Ina ganin 'yan gwangwan suna ɗaure matattun baturan a babur suna nufar iyaka. Wasu a nan suke fasa su da guduma, su tsiyaye ruwan a ƙasa, yara suna wasa a gefe. Nakan tambayi kaina me Malam zai ce. Na san zai yi murnar ganin fitila a ƙauyen da bai taɓa ganin wuta ba. Na kuma san ba zai iya wucewa ta wurin masu fasawar nan ya yi shiru ba. Ni nakan tsaya in yi magana. Wasu su ce, "To, Hajiya, mun ji," su ci gaba da duka.

Cikin ɗalibansa akwai waɗanda suka zama malamai, har yanzu suna zuwa gaishe ni. Wani mai shagon caji a Kende ya ce mini tun rasuwar Malam bai ƙara barin an fasa batir a ƙofarsa ba. Wannan ya rage daga abin da ya bari, kuma ina gode wa Allah.

Bashir ma ya rage mini. Ya girma, ya fi ni tsawo, amma har yanzu yana firamare, ƙannen abokansa sun wuce shi. Jiya ya tambaye ni me babansa yake koyarwa. Na fara yi masa bayani, ban yi nisa ba na ga hankalinsa ya tafi wani wuri. Na kira sunansa, ya juyo, na sake farawa daga farko.