Gizaka a Itacen Kalibu

A Duvu in ka ce Liyatu sai a tambaye ka wacce, amma in ka ce Maman Alice mai ceri, kowa ya san wadda kake nufi. Gajeriya ce mai saurin tafiya, ta yi shekara ashirin tana kai gyaɗa da yakuwa kasuwar Mubi a ƙafa. Maciji bai dame ta ba, mayo, wato rafi, in ya cika haka take ratsa shi. Abu ɗaya ne ya hana ta sakat a duniya, itacen da ke bakin gonarta.

Mijinta Kalibu ya yi aikin lambu a gidan wani Baturen mishan. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya ba shi ɗan dashe a gwangwani, ya ce sunansa ceri, mai 'ya'ya jajaye ƙanana masu tsami. Kalibu ya dasa, itace ya kama. A 1981 Kalibu ya rasu, ya bar mata 'ya'ya uku, duk mata. Ba a gama zaman makoki ba ƙanensa Andrawus ya fara auna gonar da ido. Dattawan dangi suka zauna, suka yanke cewa muddin itacen da Kalibu ya dasa da hannunsa yana raye, gona tana hannun matarsa. Ran da itacen ya mutu, gona ta koma wa dangi. Ni dai ban taɓa jin hukunci irin wannan ba, a rataye tuwon mutum huɗu a reshen itace.

Daga nan tsoro ya zama abokin zamanta. Ta kewaye itacen da ƙaya. Da rani sai ya sha ruwa kafin ita ta sha. Ganye ɗaya ya yi rawaya, gabanta ya faɗi.

A daminar 1985 ta ga faɗa-wuta masu ruwan ƙasa suna lafewa a bayan ganye, ba ta kawo komai a ranta ba. Bayan kwana goma sai ga gizaka, tsutsa mai gashi, reshe-reshe. In ka tsaya a gindin za ka ji kashinsu yana zuba kamar yayyafi. Ta watsa toka, ko gezau. Ta tsince da hannu har yatsunta suka kumbura da ƙaiƙayi, washegari ta tarar sun ninka. A kwana na biyar rabin itacen ya zama tsirara.

Andrawus ya biyo da fartanya a kafaɗa, ya tsaya yana kallo.

"Maman Alice, itacen yaya ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyarsa ƙalau, Baban Mark."

"To, Allah ya ƙara sauƙi," in ji shi, ya wuce a hankali. Ta zauna a kan kunyar gona.

Ta taka har Mubi neman malamin gona, aka ce ya tafi Yola, sai mako mai zuwa. Ta bar saƙo ta juyo. Mako guda? Kafin nan ai ko ganyen rantsuwa ba zai rage ba.

A hanya dabara ta zo mata. Ta lura in rana ta take, gizakar na saukowa su taru a jikin kututture, curi guda. Ita kuwa tun tana yarinya ta san yadda ake yi wa ƙwarin rumbu kafin a zuba sabuwar dawa: a kunna ciyawa, wuta ta lashe su. Ta zare bunu daga rufin ɗakin girki, ta ɗaure shi kewaye da kututturen, ta ƙyasta ashana. Suka yi ta fashewa suna zubowa. Kwana uku tana yi, har ba saura ko ɗaya. Ran Lahadi ita ta fi kowa ɗaga murya a coci.

Malamin gona Hammanjoda ya iso a babur ran Talata. Ya zaga itacen, ya kankare ɓawon da farce, ya sake kankarewa ta ɗaya gefen. Baƙi ƙirin, a bushe.

"Inna, wa ya sa wuta a nan?"

"Ni ce, Malam. Na gama da su duka."

"Wannan tsutsa ganye kaɗai take ci. Da kin bar ta, sati biyu za ta shige ƙasa, itace ya sake toho. Ba ta kashe itace. Amma ɓawon nan ya dahu, ƙunar ta zagaye shi, kuma da ɓawo itace ke rayuwa."

"Zai tashi?"

Ya sunkuyar da kai yana goge farcensa a wando.

Ta ci gaba da zuba masa ruwa har kaka, ana damina ana komai, amma bai sake toho ba. Dattawa suka bar ta ta girbe dawar shekarar, sannan Andrawus ya shiga gonar. Ta kwashe 'ya'yanta ta koma Mubi, ta kama ɗaki, ta shiga suyar ƙosai a bakin tasha, da shi ta raine su. Ba ta yawan tada zancen. Sau ɗaya na ji ta yi, tana juya ƙosai a mai, ba ta ko ɗago ba.

"Da Andrawus ne ya kashe shi, da na samu wanda zan tsine wa."