Baba Maigadi da Ƙwaryar Fura

Lokacin da nake firamare a Daura, ɗakin karatun jama'a yana da wata doka da babu wanda ya rubuta ta: in ba ka sanye da kayan makaranta, ba ka shiga. Baba maigadi ne ya ƙago ta, shi ne kuma yake tsaronta da 'yar sandarsa. Tsoho ne mai gudun abin wani. Ko ɓarin goro ne ya faɗo daga aljihunka, sai ya bi ka da shi har bakin titi.

Ina da ƙawa 'yar ruga mai kawo fura da nono cikin gari. A aji uku aka cire ta daga makaranta, amma kwaɗayin karatu bai bar ta ba. Kullum sai ta sauke ƙwaryarta a gindin darbejiyar ƙofar tana leƙe ta taga, ni kuma in fito in ba ta labarin abin da na karanta, rabi gaskiya rabi gishiri. Ran nan dubuna ta cika: jiya na kashe kura a labarin, yau na dawo da ita da ranta. Ta ce ta gaji da ƙaryata, so take ta gani da idonta. Na yi dariya, amma na ji tausayinta ƙwarai.

A bangon zauren akwai hoton wasu yara, an rubuta a ƙasa cewa karatu haƙƙin kowane yaro ne. Mu kuwa in aka ce haƙƙi, ba kotu ke faɗo mana a rai ba, lahira ce. Nan na gane inda zan kama Baba.

Na durƙusa na ce, "Baba, sannu da aiki. Ni wallahi tausayinka nake ji."

"Na me, ja'ira?"

"Haƙƙin yarinyar nan da kake ɗauka kullum. Ga shi can a bango. Gobe ƙiyama ban san da me za ka biya ta ba."

Baba ba ya karanta boko. Ya ce sharri nake masa, ya kira malamar da ke kula da littattafai. Ta karanta masa tana danne dariya, ta ce haka ne, ita dama ba ta taɓa hana kowa shiga ba. Ya taka har gindin bishiya ya ce wa ƙawata, "'Yata, ki yafe mini."

Ashe ta fi ni iya shege. Ta sunkuyar da kai kamar ta Allah ta ce, "Zan yafe, Baba, amma sai na gama littattafan. To wa zai tsare mini ƙwarya?"

Haka Baba ya koma gadin fura, yana korar ƙuda da sandar da yake korar yara. In ta fito ya ce, "Kin gama?" sai ta ce saura kaɗan. Daga baya har yaran unguwa marasa kayan makaranta yake yafitowa, wai shi ba zai tara wa kansa masu bin sa a lahira ba.

Bayan mun girma muka ji ciwon tsufa ya kwantar da shi, muka je gaishe shi. Ƙawata ta durƙusa kusa da tabarmarsa, ta ce ai tun ranar ta yafe masa.

Ya ce, "Na sani, 'yata. Ni ma ban so ki gama ba."